Rahoton Dakoro ya sake makara: nazarin ƙungiya mai ma'aikata a warwatse a jihar Maraɗi

Ƙungiyar da za a duba a nan misali ce, shi ya sa ba ta da suna, amma wanda ya san aikin haɗakar manoma a jihar Maraɗi zai gane kamanninta. Da kaka tana sayen wake da riɗi da aya daga ƙananan ƙungiyoyin ƙauyuka, ta zuba a sito, ta ba manomi rance a kan abin da ya jingina, ta jira farashi ya ɗaga sannan a sayar. Ofishinta ɗaya ne, a birnin Maraɗi. Ma'aikata 12 ne. Shugaban aiki da mai lissafin kuɗi da mai kula da babban sito suna cikin gari. Mai hulɗa da masu ba da tallafi yana Yamai, tafiyar sama da kilomita 600. Sauran 8 wakilai ne: Gidan Rumji, Agye, Gazawa, Tasawa, Mayahi da Dakoro kowanne mutum ɗaya, sai biyu a yankin Madarumfa, wajen iyaka da Najeriya.

Da can wakilai kan hallara ofis ƙarshen wata, kowa da littafinsa a jaka. Tsadar mai ta sa hakan ya yi nauyi, ga kuma matsalar ƴan bindiga a yankunan Madarumfa da Gidan Rumji, wadda ta sa ba kowace hanya ake bi a kowane lokaci ba. Sai aka yanke cewa kowa ya zauna inda yake, a yi aiki ta waya. Tsarin bai da sarƙaƙiya a takarda: taron bidiyo kowace Litinin da safe, jadawali guda a intanet wanda kowa zai shiga ya rubuta farashi da yawan buhuna, hotunan kaya da rasit kafin dare ranar kasuwa. Kowa ya yi amfani da wayarsa, kuma kowa a ba shi jika 10, wato sefa 10,000, a wata na sayen megan intanet, daga shugaba har wakilin Dakoro.

Wannan rabon na daidai wa daida shi aka ɗauka adalci, kuma daga nan ɓarnar ta fara.

Abin da jika 10 ke saya

Mutanen ofis suna da na'urar intanet ta ofis, da janareta idan kuran ya ɗauke. Jika 10 ɗinsu ƙari ce kawai. Wakili kuwa da ita zai yi komai, kuma tsarin da aka shimfiɗa masa mai cin mega ne. Lissafin a fili yake. Hoton bidiyo mai gudun megabit 1 a daƙiƙa yana cinye mega 450 a awa ɗaya, wannan na abin da ke shigowa ne kaɗai, ban da hoton da wayar ke turawa. Murya tsantsa a irin waɗannan manhajoji ba ta wuce kilobit 60 zuwa 80 a daƙiƙa, wato kusan mega 36 a awa. Ke nan taron da za a yi da murya an ninka kuɗinsa fiye da sau 10 don kawai a ga fuskar juna. Hoto guda daga wayar zamani yakan kai mega 3 ko 4. Hotuna 20 na buhuna da rasit sun tasam ma mega 70. A wurin da rezo, wato sabis ɗin waya, ke rawa, turawar takan yanke ana dab da gamawa, a sake daga farko. Wanda ke da raunin rezo yana biyan kuɗin aiki ɗaya sau biyu, wani lokaci sau uku.

Akwai kuma cin da ba a gani. Waya tana sabunta manhajojinta da kanta, WhatsApp yana sauke kowane bidiyon biki da wa'azi da aka jefa a rukunonin dangi, hotuna suna hawa ma'ajiyar intanet ba tare da an tambayi mai wayar ba. Kafin tsakiyar wata mega ta ƙare, wakili ya shiga aljihunsa ko ya yi shiru.

Na Madarumfa suna da tasu ta daban. Kusa da iyaka waya takan sauka daga rezon gida ta hau na Najeriya da kanta, saboda shi ya fi ƙarfi a wurin. Ko dai intanet ya tsaya cak, ko a yi ta cire kuɗin kiran ƙasar waje. Maganin bai wuce shiga saitin waya a kashe zaɓen rezo na kai-tsaye a kafe ta a kan kamfani ɗaya ba, amma ba wanda ya taɓa nuna musu.

Wuta

Mega ba ta da amfani a cikin wayar da ta mutu. Wutar da ke zuwa Maraɗi da Damagaram ta daɗe tana dogara da layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, kuma Nijar gaba ɗaya ta kasance tana sayen kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga Najeriya. Ko a shekarar lafiya, watannin Afrilu da Mayu lokacin rabon wuta ne, unguwa ta samu unguwa ta rasa. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar a watan Agusta ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, ba ta dawo ba sai a watan Maris na 2024. Kakar 2023 kacokan ta faɗa cikin wannan tsakanin.

Sai dai ga wakilin da ke ƙauye, yanke wutar bai sauya komai ba, don dama layin NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na ƙasa, bai kai wurinsa ba. Shi cajinsa wurin mai caji yake, a bakin kasuwa ko tasha, inda zai biya ya bar wayar awa biyu ko uku. A cikin waɗannan awanni ba a samunsa, ofis kuma ya rubuta cewa ba ya ɗaukar waya. Batirin waya mai 5,000 mAh yana riƙe da kusan Wh 19, wato adadin wat sau adadin awa. A cikin gari wannan ya ishe ta wuni. Inda rezo ke da rauni, wayar tana ƙara ƙarfin neman eriya, batiri ya riƙa zuba, ga zafin da ke haura digiri 40 yana cin rayuwarsa. Wayar da ta shekara uku a irin wannan yanayi, taron bidiyo na awa ɗaya ya isa ya kai ta ƙasa.

Ɗaya daga wakilan Madarumfa mace ce, kuma nata ya fi tsanani ta wata fuskar da jadawalin ofis ba ya nunawa. Namiji yana iya zama a rumfar mai caji har wayarsa ta cika, yana iya hawa babur bayan isha'i ya je kan tudun da aka san rezo na kamawa. Matar aure a ƙauye ba ta da wannan sararin. Sai ta aiki yaro da wayar, wayar da ke ɗauke da sunayen manoma da adadin bashin kowa.

Inda ya taɓa ƙungiyar kanta

Da a ce wahalar ta tsaya kan wakilai, da sai a kira ta matsalar jin daɗin ma'aikata. Ba ta tsaya nan ba, ta shiga cikin shawarar saye da sayarwa.

A duba taswira. Gidan Rumji, Maraɗi, Agye, Gazawa da Tasawa duk a kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 suke, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram. Nan eriyoyi suka fi yawa, nan ne kuma ƴan kasuwa masu manyan motoci suka fi zuwa. Mayahi da Dakoro suna arewa, a gefen wannan layin, kasuwannin ƙauyukansu kuma sun ƙara nisa. Ranar Litinin idan shugaba ya buɗe jadawali, farashin da ya cika shi na kasuwannin bakin kwalta ne. Na arewa sai Laraba ko Alhamis. Shugaba ba zai zauna jira ba, don da kaka farashi yana motsi daga kasuwa zuwa kasuwa. Sai ya raba kuɗin saye bisa abin da ke gabansa, a tura ta kamfanin tura kuɗi na Nita ko Amana ga waɗanda rahotonsu ya iso. Ƙungiya ta riƙa saye inda masu saye suka yi yawa, tana barin wuraren da aka kafa ta dominsu, inda manomi ke sayarwa da araha ga duk wanda ya zo da kuɗi a hannu. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a yi watsi da arewa. Rezo ne ya yanke, aka sa hannu.

Taron Litinin ma haka. Mutum huɗu ko biyar ne ake ji rangaɗau. Sauran suna shiga suna fita, rabin lokacinsu ya tafi a "kuna ji na?" da "ranka ya daɗe, a maimaita, rezo ya ɗauke". Bayan ƴan makonni suka daina neman magana, domin abin kunya ne ka tsayar da taro sau uku. Rubutaccen bayanin taro kuma ya ce an amince baki ɗaya.

Wakilai ba su naɗe hannu ba, sun nemo hanyoyin kewaye, kuma hanyoyin ne suka haifi kuskuren da ya fi tsada. Wanda jadawali ya ƙi buɗe masa sai ya kira mai lissafi ya karanto masa alƙaluma. A bakin Bahaushen Nijar kuɗi da dala ake ƙirga su, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Wakili ya ce tiyar wake "ɗari uku", yana nufin dala 300, wato sefa 1,500. Mai lissafi yana sauri, gabansa gurbi ne da aka rubuta masa faran, wato sefa, sai ya buga 300. Shi ma Bahaushe ne, ya san ƙa'idar, amma wanda ke karɓar kira huɗu a jere yana bugawa ba kullum yake tsayawa ya juya lissafi ba. Na bakin iyaka kuma wani lokaci farashin naira suke faɗi. Ga tiya ita kanta: ana ƙiyasta ta kilo 2.5 na hatsi, amma ba ɗaya ba ce daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma cika da tozo ba daidai yake da cika a shafe ba. Jadawalin da aka yi don a samu gaskiya guda ya koma wurin da aka cakuɗa dala da faran da naira. Mai lissafi kuma ya koma magatakardan waya, aikinsa na ainihi, wato daidaita littafin rance, ya taru.

Sai sito. Wake ana ajiye shi a buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masu bincike na INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, a Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi. Amfaninsa duk a toshe iska yake. Ɓera ya huda leda, ko ɗauri ya saki, ƙwaro ya farfaɗo. Ƙwaron wake a zafi irin namu yana kammala zagayen rayuwarsa, daga ƙwai zuwa mai yin ƙwai, cikin mako uku zuwa huɗu. Dokar ƙungiya ta ce rahoton lalacewa sai da hoto kafin a fitar da sabbin buhuna. Hoton ya ƙi tafiya. Mako biyu na jiran hoto ya kai rabin zuri'ar ƙwaro guda ko fiye.

Ƙarshen shekara aka zo auna ma'aikata. Ma'aunin biyu ne: kawo rahoto kan lokaci, da halartar taro. Wakilan bakin kwalta suka fito a sama, na Dakoro da Mayahi da matar Madarumfa a ƙasa. Abin da aka auna a zahiri nisan gidan mutum daga eriya ne da layin wuta. Illar irin wannan ma'auni ita ce yana kama da gaskiya, yana da alƙaluma, yana da jeri, ba mai iya cewa shugaba ya yi son kai. Mutumin da ya fi kowa sanin manoman yankinsa sai ya ji ana masa nasiha a kan himma.

Yadda aka gano bakin zaren

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai an tambaye shi tambayar da ta dace. "Kana da intanet?" ba tambaya ba ce, kowa zai ce e. Abin da ya yi aiki shi ne takarda guda da kowa ya cika tsawon mako biyu: awa nawa ya samu wuta yau, ina ya yi caji kuma nawa ya biya, wane kamfani ke kamawa a gida, a kasuwa da bakin sito, alamar da ke saman waya E ce ko 3G ko 4G. Aka ba kowa fayil ɗaya mai nauyin mega 1 ya tura sau uku a rana, da safe, da azahar da bayan magariba, ya rubuta daƙiƙoƙin da ya ɗauka ko ya rubuta cewa ya ƙi. Wannan ya fi manhajojin gwajin gudu, waɗanda su kansu mega suke ci, kuma a rezo mai rauni ba sa ma buɗewa. Aka kuma rubuta irin wayar kowa. Nan aka ga masu RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, jiga 1 ko 2 da ma'ajiya jiga 16 wadda ta cika maƙil, irin wayar da jadawalin intanet ke daskarar da ita ko da rezo ya yi kyau.

Takardar ta nuna wani abu da ba a zata ba: ba kamfani guda da ya fi ko'ina. Airtel, Moov, Zamani da Niger Telecom kowanne yana da inda yake kamawa da inda yake ɓacewa, wani lokaci tsakanin ƙauye biyu da ke ganin juna. Sayen layin kamfani ɗaya ga kowa don sauƙin lissafi kuskure ne.

Gyara: aiki tukuna, kaya daga baya

Abin da ya fi saurin zuwa a rai shi ne a sayo wa kowa sabuwar waya. Da an fara da nan, da an ɗora sabon kaya a kan tsohon tsari. An fara da sauya aikin kansa, a kan ƙa'ida guda: duk abin da wakili mafi raunin rezo ba zai iya yi ba, ba zai zama sharaɗin aiki ba.

Aka ajiye jadawalin intanet, aka koma fom na manhajar KoboCollect, wanda ake cikawa ba tare da rezo ba, ya zauna a waya har ta samu hanya ta tura. A cikin fom ɗin aka ƙayyade girman hoto, ɓangarensa mafi tsawo kada ya wuce ɗigo 1,024, abin da ke sauko da shi zuwa ƙasa da rabin mega, rasit kuma yana karantuwa. Aka sa tambayoyin da Hausa da Faransanci, domin ba duk wakili ne ya yi nisa a lakwal ba, wasu karatunsu na allo ne da na yaƙi da jahilci. Gurbin farashi ya fara da tambayar irin kuɗin, dala ko faran ko naira, fom ya juya da kansa ya nuna wa wakili sakamakon kafin ya wuce. Aka sa iyaka ta sama da ta ƙasa, ta yadda tiyar wake a sefa 300 ba za ta shige ba sai an tabbatar. Kowane wakili ya auna tiyar kasuwarsa a sikeli sau ɗaya, aka shigar da nauyin.

Abin gaggawa, wato farashin ranar kasuwa da lalacewar kaya, aka mayar da shi gajeren saƙon waya, wanda ke tafiya ko a rezon 2G. Tsarinsa ƙayyadadde ne: sunan kasuwa, kaya, farashi, adadi. A nan akwai tarkon da ya shafi masu rubutun Hausa kaɗai. Saƙo ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ, wayar tana sauya tsarin rubutu, iyakar ta faɗo zuwa 70, saƙo ɗaya ya zama biyu ko uku, kuɗi ya ninka. Don haka a saƙon aiki aka yarda a daina sa ƙugiya. Aka kuma soke sharaɗin hoto kafin a fitar da buhuna: saƙo ya isa, hoto ya biyo baya.

Taron bidiyo ya tafi. Shugaba yana aika saƙon murya da bai wuce minti 3 ba, wanda bai kai mega 1 ba, tare da rubutaccen taƙaitawa. Kowa yana da awa 48 ya mayar da martani. Rabon kuɗin saye ya koma Alhamis, kuma ba a yin sa sai farashin kowane yanki ya shigo. Wanda nasa bai zo ba, ofis ne zai kira shi, da kuɗin ofis.

Sannan aka zo kan kaya, kuma aka fara da wuta. Wakili mai waya kaɗai bukatarsa ƙarama ce: caji biyu a rana kusan Wh 40, fitila mai wat 5 na awa 4 Wh 20, jimla Wh 60. Farantin sola mai wat 30 zuwa 50 da ke da mafitar USB ya wadatar, tare da batirin ajiya na hannu mai 20,000 mAh. A lura, adadin da ke jikin kwalinsa a kan bolt 3.7 aka lissafa, wato Wh 74, kuma abin da ke isa waya bayan asara bai wuce 50 ba. Caji biyu da rabi ke nan, ba huɗu ba kamar yadda mai shago zai ce.

Mai lissafi, wanda yawancin aikinsa a gida yake yi da kwamfuta, nasa ya fi girma. Kwamfuta wat 30 na awa 6, Wh 180. Na'urar intanet wat 10 na awa 10, Wh 100. Fanka mai bolt 12 kusan Wh 100, don ba mai iya lissafi a ɗakin kwano da bazara ba tare da iska ba. Waya da fitila Wh 50. Jimla 430, a ƙara asarar wayar wuta da inbata, na'urar juya wutar batir, a kai kusan 550. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana da Wh 1,200 a rubuce, amma na dalma ba a sauke shi ƙasa da rabi in ana son ya daɗe, saboda haka 600 ne abin amfani. Faranti mai wat 200, a awa 5 na rana mai ƙarfi, a cire kashi 30 cikin 100 na zafi da ƙura, zai ba da kusan Wh 700. Tsakaninsu na'urar daidaita caji mai amfiya 20, fis a kusa da kan batir, wayar wuta mai kaurin murabba'in milimita 4 zuwa 6. Faranti ya fuskanci kudu, a karkace kusan digiri 15, a share shi da safe lokacin hunturu, domin ƙurar buji tana rage wuta fiye da yadda ido ke gani.

Abubuwan da ke kashe irin wannan haɗin sanannu ne. Batirin mota, wanda aka yi don tayar da inji ba don a sauke shi kullum ba. Haɗa faranti da batir kai-tsaye ba na'urar daidaitawa. Inbata mai araha da ke sa cajar kwamfuta zafi da ƙara. Farantin da aka rubuta masa wat 200 alhali bai kai ba. Da tsakar rana, mai wat 200 irin na bolt 12 ya kamata ya nuna kusan bolt 21 zuwa 22 a buɗe da amfiya wajen 11 a kan mita, kuma wannan gwajin a bakin shago ake yin sa kafin a biya. Sai na cikin gida: talabijin, da wayoyin maƙwabta goma. Hana wannan gaba ɗaya ba zai yiwu ba, mutum ba zai zauna da wuta maƙwabcinsa na duhu ya ce ta ofis ce. Gara a ƙara ɗan sarari a lissafi, a kuma ware mafita guda ta aiki.

Wayoyi suka zo a ƙarshe, mallakar ƙungiya, masu RAM jiga 3 ko 4, ma'ajiya jiga 64, layi biyu na kamfanoni daban bisa abin da takardar kowa ta nuna. A siton Dakoro aka kafa na'urar 4G da eriyar waje a kan sanda mai tsawo, aka gajarta wayar eriyar don tsawonta yana cinye ƙarfin da aka hau sama nema, aka binne ƙarfen tsawa saboda damina. Starlink, intanet na tauraron ɗan'adam wanda ya fara aiki da izini a Nijar a 2025, ya shigo cikin magana daga baya. Babban farantinsa yana jan wat 50 zuwa sama, awa 10 ke nan Wh 500 ko fiye, kusan duk abin da haɗin mai lissafi ke samarwa, ban da kuɗin wata. Ya dace da ofis ko sito da mutane da yawa za su raba, bai dace da jakar wakili ba.

Kuɗin mega ya daina zama ɗaya. Na ofis aka rage, na nesa aka ƙara, aka haɗa da kuɗin man zuwa inda rezo yake. Wannan shi ya fi tayar da ƙura, don mutum ya fi jin zafin abin da aka cire masa a kan abin da bai taɓa samu ba. Abin da ya kwantar da ita shi ne an manna lissafin a bango, kowa ya ga dalilin adadinsa. Ma'aunin ma'aikata kuma ya koma kan daidaiton alƙaluma, yawan bashin da ya dawo, da lafiyar kaya a sito.

Abin da bai warware ba

Shawara ta ƙara jinkiri da kwana uku, kuma wakilan bakin kwalta suna da gaskiya idan suka ce wani lokaci garaɓasa tana wuce su kafin Alhamis. An ba su ɗan kuɗin hannu da za su iya saye da shi ba sai sun jira ba, amma iyakarsa har yanzu ana ja-in-ja a kai. Masu tallafi kuma ba su sauya ba, suna son taron bidiyo da shafin intanet mai nauyi da Faransanci ko Turanci, sai ma'aikacin Yamai ya zama shi ke ɗauke wannan nauyin a madadin kowa. A tsakiyar Maris na 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke a gaɓar yammacin Afirka, an tuna cewa Nijar ba ta da teku, intanet ɗinta ta ƙasashen maƙwabta yake biyowa. A irin wannan rana mutumin ofis da na ƙauye duk gajeren saƙo suke komawa.

A yankin iyaka sabuwar waya da faranti mai ƙyalli a kan rufi suna jan ido. Wakilan can sun zaɓi faranti mai naɗewa da ake shigarwa ɗaki, aka sa wa wayoyin makulli, aka saita fom ya goge kansa da zarar ya tafi, don kada sunayen manoma da wuraren sito su faɗa hannun da bai kamata ba. Wanda zai biya idan aka ƙwace waya a hanya, an rubuta cewa ƙungiya ce. Idan sakaci ne, rabi da rabi, kuma rarrabe biyun ba kullum yake da sauƙi ba.

Sai batir. Ƙa'idar da masu sola ke bi ita ce duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana raba rayuwar batirin dalma biyu, ɗakin kwano a Maraɗi kuwa da bazara ya wuce wannan nesa. Batiran duk lokaci ɗaya aka saye su, don haka kusan lokaci ɗaya za su gaza. Tallafin da ya sayi kayan bai da layin sauya su. Mai lissafi ya kawo shawarar a riƙa cire wani abu kaɗan daga ribar kowane buhu a ajiye don haka, kwamitin manoma kuma ya ce sai an kai maganar babban taron bayan kaka.